Ranar da Noelene Ta Hau Tudu da Baya

Gidan Noelene Harkin yana jikin namu a Horsham, shingen katako ne kawai tsakani. Tun ina yaro na san idan sanyi ya fara shigowa a watan Mayu, za a ga ƙofar ɗakinsu na tafi-da-gidanka, irin wanda ake ja da mota, a buɗe a tsakar gida. Ita tana shiga tana fita da barguna da gwangwanayen wake, mijinta Bevan kuwa yana kwance a ƙarƙashin jif, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ba a jimawa sai gidan ya yi tsit. Sun maƙala ɗakin a bayan mota sun yi arewa, inda rana take, ba a sake ganinsu sai alkama ta fara fitar da kai a gonaki.

Noelene gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Aikin wanki da guga ta yi a gidan kula da tsofaffi har ta ajiye aiki. Tana tuƙa 'yar ƙaramar motarta zuwa kanti da coci, amma jif ɗin nan mai jan ƙafa huɗu, da ɗakin da yake ja, shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa zama a bayan sitiyarinsa ba. Wannan aikin Bevan ne. Direban babbar mota ne tun yana saurayi, ya yi dakon alkama, ya yi na tumaki.

Nata aikin a baya yake. Duk zangon da matafiya ke yada ɗakunansu, waɗanda suka riga isowa sukan fito da kujerun naɗewa da la'asar, kowa da gwangwaninsa mai sanyi a hannu, su zauna kallon sababbin zuwa suna ribas. Ba su da wani nishaɗin da ya fi wannan. Miji yana cikin mota, mata tana baya tana ɗaga murya, shi yana leƙowa ta taga yana mayar mata, ɗakin kuma yana nufar bishiya. An sha ganin auren shekara arba'in ya girgiza a kan famfon ruwa guda ɗaya.

Su Noelene ba sa magana. Takan sauka ta tsaya inda zai gan ta a madubin gefensa, ta ɗaga hannun dama. Tafi a buɗe yana kira, taho. Babban yatsa ya karkata, mayar da gindin ɗakin can. Yatsa biyu suna matsowa kusa da juna, saura kaɗan. Dunƙule, tsaya. Ita ta ƙirƙiro su da kanta tun suna da ƙuruciya, bayan wani faɗa da suka yi a Coober Pedy wanda har yau ba su yarda da wanda ya fara ba. Doka ɗaya ce a kai: idan hannun ya ɓace daga madubi, mai tuƙi ya taka birki, ba tambaya. Masu kujeru sukan ji haushinsu, don ba sa samun abin kallo.

Sai idon Bevan ya fara tafiya. Tsakiyar ganinsa ce ta fara dushewa, ya koma yana kallon mutum a kaikaice kamar kaza, daga baya gefen ma ya zama hazo. Da ƙafarsa ya je ya mayar da lasin, ba wanda ya ce ya kai. Sanyin wannan shekarar a gida suka yi shi. Ina hango shi ta taga a kujera ɗaya kusa da murhu, bargo a gwiwa, rediyo tana ta magana ba ya saurare. Mutumin da in ya kama ka a bakin shinge sai ka nemi dalilin tserewa, ya koma sai a yini bai ce uffan ba. Wandonsa ya yi masa yawa.

Da bazara ta kewayo, sai ga Noelene ta maƙala ɗakin da hannunta, ta sa shi a kujerar gefe, suka nufi filin baje kolin dabbobi da ke bayan gari. Haka suka yi ta yi duk safiya. Abin da ta ba ni labari game da waɗannan ranakun har yanzu yana ba ni mamaki. Ta ce ba ya ganin hanya, amma yana jin ɗakin a gadon bayansa. Wata rana sun hau kwalta ke nan, ba su yi nisa ba, ya ce, "Tukwanen ƙarfen nan, a ƙarƙashin gado kika sa su, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wutsiya ta yi nauyi. Tana so ta yi rawa. Tsaya a dawo da su gaban taya."

Ta ce ita ba ta ji komai ba. Amma da aka dawo da tukwanen gaba, sai sitiyarin ya kwanta a hannunta.

Ta iya tafiya gaba. Ta iya buɗe kwana don kada tayar ɗakin ta hau dakali, ta iya rage iskar taya idan an shiga gargada, ta iya kiran direban doguwar tirela a oba-oba ta ce masa ya wuce ta ba shi hanya. Ribas ne ya gagare ta. Da ta juya sitiyari, ɗakin ya yi inda ba ta aike shi ba, kafin ta gyara ya lanƙwashe ya haɗe da mota kamar an naɗe aska. Ƙarshe ta ce a bar shi. Duk zangon da za su sauka za ta nemi wurin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba.

'Yarsu Sharlene, wadda ke aikin jinya a Geelong, ta zo ana gobe za su tashi. Ina gyaran shinge, muryoyinsu na fitowa ta tagar kicin.

"Mama, kin haura saba'in. Baba ko hannunsa ba ya gani. Idan kuka maƙale a daji wa zai fitar da ku?"

"Mu da muka shiga."

"Ni fa ba zan iya barci ba."

"To ki zo ki zauna da shi wata huɗu a gaban murhu, ki ga ko za ki iya barcin."

Sharlene ta ce, "Shi ke nan. Amma ki yi mini alkawari ɗaya. Ranar da ya zama sai wani ya zauna a kujerar direba ya fitar da ku daga wani wuri, tafiya ta ƙare. Ku juyo gida, a sayar da ɗakin."

"Har mai facin taya?" in ji Bevan.

"Baba, ba wasa nake yi ba."

"Na yi," in ji Noelene. Duk wanda ya san ta ya san ba ta faɗin wannan kalmar sau biyu.

Tare da Merv Dunstan suka tafi, tsohon abokin Bevan tun zamanin manyan motoci. Matarsa ta rasu, yana yawo da karensa da ɗan ƙaramin ɗaki a bayan motarsa. Ƙato ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Abin da ya faru a hanya daga bakin su ukun na ji shi, kowa a lokacinsa, kuma ba su saɓa ba sai a kan wanda ya fi tsorata.

Sun yi makonni lafiya ƙalau. Bevan ya dawo da surutunsa tun kafin su bar jiharmu ta Victoria. Yakan faɗa mata abin da ke gaba kafin ta gani: gada na zuwa, bayan tudun nan akwai gidan mai, a rage gudu nan shanu kan tsallaka. Hanyoyin duk suna cikin kansa. Ta saba da hakan har ta daina tambaya.

A yankin Borroloola akwai wata hanyar burji cikin gonar shanu da ke gangarawa wani rafi, inda Bevan ya saba kama kifi. Gangaren yana da tsawo, kuma siriri ne, faɗin mota ɗaya. Dutse a hagu, kwazazzabo a dama, ga kwana a tsakiya. Al'adar masu jan ɗaki ita ce ba a sauka irin wannan wuri sai an taka da ƙafa an ga ƙarshensa. Noelene ta tsaya a sama, ta buɗe ƙofa za ta sauka.

"Ki bar gwiwarki ta huta," in ji Bevan. "Na san wurin nan kamar yunwar cikina. A ƙasa akwai filin yashi, tirela uku za su juya a ciki."

Ta rufe ƙofar. Merv ya tsaya a sama yana jiran a kira shi, don ba a haɗa mota biyu a gangare. Ta sa ƙaramar giya, suka sulala a hankali, suka sha kwanar, suka ci gaba. Sai ta taka birki.

Babu fili. Ambaliyar daminar da ta wuce ta kwashe shi gaba ɗaya. Hanyar ta yanke a bakin wata gaɓa mai tsayin mutum, ruwa mai launin ƙasa yana wucewa a ƙarƙashi, irin ruwan da ba a sa ƙafa a cikinsa saboda kada.

"Bevo," ta ce, "filin nan naka, ina ka ajiye shi?"

Ya sauke gilashi ya saurara. Ya ce ruwan ya yi kusa da yawa.

Merv ya gangaro da ƙafa yana haki, ya dubi gaɓar, ya dubi dutsen, ya dubi ramin. Ba wurin juyawa. Ba a kuma kwance ɗaki mai wannan nauyi a kan gangare, don in ya sulale ba mai tare shi. Hanya ɗaya ce, a hau tudun da baya.

"Matsa, Noels," ya ce. "Kafin shayi ya huce na fitar da shi."

"A'a."

"Haba. Sharlene tana can ƙarshen duniya. Wa zai gaya mata? Karena ba ya tsegumi."

"Ni zan gaya mata."

Merv ya cire hula ya sosa kai. "To ki bar ni in zama idonki, tunda na tsohon nan sun tafi hutu."

Ya koma bayan ɗakin da oba-oba a hannu. Ta sa ribas. Tayoyi huɗu suka kama tsakuwa, motar ta fara turawa sama. Merv yana ta zuba: kaɗan haka, a'a ya yi yawa, mayar, mayar, mayar. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai kafin ya faɗa ya riga ya faru. Ta juya sitiyari da ƙarfi don ta gyara, gindin ɗakin ya kwaso dama. Merv ya yi ihu, ta taka birki. Suka ji tsakuwa tana gangarawa cikin kwazazzabo, ta daɗe tana gangarawa. Tsakanin tayar ɗakin da bakin ramin bai fi tafin hannu ba.

Merv ya zo taga. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Noelene, ɗaki ne kawai. Ki sauka."

Noelene ta gaya mini ta riga ta kai hannu ga mabuɗin ƙofa. Ta dubi Bevan, tana tunanin kujerar nan ta gaban murhu. Sai ta ga yana kwance igiyar takalminsa.

"Kai labarin abin da ya wuce kake ba ta," ya ce wa Merv. "Ita kuwa abin da ke zuwa take bukata. Kai ni baya."

"Ka ga me a bayan?"

"Kai dai kai ni."

Ya sauka da safa kawai. Ya sa ta ta saki motar gaba kaɗan har ɗakin ya miƙe. Sannan Merv ya riƙe masa gwiwar hannu ya kai shi kusurwar baya ta dama, gefen ramin. Bevan ya yi ta shafa ƙasa da ƙafa har ya samu abin da yake nema, wato sawun da tayoyin motoci suka haƙa a hanyar shekara da shekaru. Ambaliya ba ta kai nan ba. Ya sa ƙafar hagu a cikin sawun. Ya ɗora tafin hagu a kusurwar ɗakin, ƙarfen da rana ta gasa tun safe. Ya juya fuska wajen madubin da ba ya gani.

"Safar nan taka duk huji ce," in ji Merv.

"Shi ya sa take gani. Kar ka riƙe ni. Ka tsaya tsakanina da ramin."

"To. In za ka faɗi, ka faɗo kaina, ni ne mai laushi."

Bevan ya ɗaga murya sau ɗaya. "Tsohuwa, hannunki a ƙasan sitiyari. Inda yatsana ya nuna, can za ki kai hannun. Kar ki kalli komai sai ni."

Sai ya ɗaga hannun dama. Tafi a buɗe, yana kira.

Noelene ta ce alamunta ne, ita ta haife su, amma ba ta taɓa ganinsu ba. Ita ke yi, shi ke karantawa. Yau ga su a madubi a hannun mijinta, har da yadda take ɗan karya wuyan hannu idan tana nufin a hankali, abin da ita kanta ba ta san tana yi ba sai da ta gani a wurinsa.

Ta saki birki. Ɗakin ya motsa, Bevan ya ja da baya taku ɗaya, ƙafarsa tana bin sawun. Idan kusurwar ta fara ture tafinsa waje, ko ta fara guje masa ciki, yakan ji tun motsin bai kai a gani ba. Babban yatsa ya karkata kaɗan. Ta matsa hannu kaɗan. Ɗakin ya dawo. Merv ya rantse mini cewa yana tsaye a wurin da idonsa biyu, bai ga ɗakin ya kauce ko sau ɗaya ba, ya dai ga yatsa yana motsi, taya kuma tana tafiya cikin sawu kamar an ɗora ta a kan dogo. Injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, ƙudaje sun rufe fuskar Bevan, ba shi da hannun kora.

A haka suka iso kwanar. Nan ɗakin dole ya karya, kuma da ya karya, sai kusurwar ta shige ta ɓoye mutumin. Madubi ya zama ba kowa, sai dutse da sama. Noelene ta taka birki.

Bevan ya ji ɗakin ya tsaya alhali bai dunƙule hannu ba. Ya gane.

"Ta rasa ni," ya ce. "Merv, yanzu kama bel ɗina."

"Me za ka yi?"

"Kama dai. Ka ci abinci da yawa a duniya, yau ranar amfaninsa."

Merv ya kafa ƙafafu ya damƙi bel ɗin ta baya. Bevan ya bar yatsun hagu a kan kusurwar, ya karkata jikinsa waje, ya ƙara karkatawa, har rabinsa yana kan iska a saman kwazazzabo, ya miƙa hannun dama iya tsawonsa. Noelene ta ce tana kallon madubin da ba kowa, sai ga yatsu sun shigo ta gefe, su kaɗai, ba fuska ba kafaɗa. Suka buɗe. Suka kira ta.

Ta ce ba ta san yadda aka yi kwanar ta wuce ba. Ta san dai hannunsa bai yi rawa ba, kamar yana kiran jika ya zo ya karɓi alewa. Da fuskarsa ta dawo cikin madubi, tana kallon sama kaɗan, bakinsa a ɗan buɗe, irin na mai sauraron abu daga nesa.

Daga kwana zuwa sama hanya ta miƙe. Ƙasa ta baje a ƙarƙashin ƙafarsa, sawun ya ɓace, ya ji kare yana shinshina masa gwiwa. Ya dunƙule hannu. Ta tsaya, ta ja birkin hannu, ta kashe mota.

Sai da Merv ya ɓamɓare mata yatsu daga sitiyari. Tafin Bevan na hagu ya yi ja ya tashi, safar ta zama tsumma, dugadugansa suna jini. Ta zaunar da shi a matakalar ɗakin, ta kawo ruwa a roba ta sa ƙafafunsa a ciki. Merv ya dafa shayi ya zuba sukari kamar ba gobe.

"Filin dai yana nan a da," in ji Bevan.

"Rufe mini baki," ta ce, tana shafa masa magani.

Ba su kama kifi ba. Suka koma gari, inda waya ke kamawa, ta kira Sharlene a gaban kantin mai. Ba ta rage komai ba, har da saukar da ta yi ba ta taka ba, har da tafin hannun da ya rage tsakanin taya da rami.

Sharlene ta bari ta gama. "Wa ya tuƙa?"

"Ni."

"Daga ƙasa har sama?"

"Har sama."

"Merv ne ya duba miki baya?"

"Babanki."

Sai Sharlene ta ce a ba shi wayar. Bevan ya karɓa, ya riƙe ta nesa da kunne, Merv da ke can wajen famfon mai ma yana jin abin da ake faɗa. Ya yi ta cewa, "Haka ne. Haka ne, 'yata. Ban kyauta ba." Can muryar ta sauka. Ya matso da wayar, ya saurara, ya ce, "Ƙwarai. Ina ci sosai. Wandon ma ya matse ni." Ya miƙa wa matarsa.

"Ba wanda ya zauna a kujerar," in ji Noelene.

"Na ji, Mama." Tana jan hanci. "Yanzu ina kuka nufa?"

"Yamma. Yana so ya ji ƙamshin teku a Broome."

"Duk gangaren da kuka samu, ki sauka ki taka. Ko ya ce shi ya haƙa hanyar da hannunsa. Ki yi mini alkawari."

"Na yi."

Suka sha mai, suka ƙara wa tayoyi iska saboda kwalta. Bevan ya hau kujerarsa da ƙafafu a naɗe cikin bandeji, ya ce mata nan gaba kaɗan akwai gada. Ta ce za ta gani idan sun isa, ta sa giya suka hau hanya.